Ranar da Ruwa Ya Tsare Mu a Kano

Muna zaune a Maruta, cikin ƙasar Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. Mu biyu ne muka zauna muka rubuta wannan labari, maigida da uwargida, gama abin tare ya same mu. Mu manoma ne. Muna noman gero da dawa da gyaɗa da riɗi, uwargida kuma tana kiwon awaki, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu. Labarin nan a kan babbarsu ne, ko da yake ruwan sama da abinci su suka fi yawa a cikinsa.

A shekarar 2023 babbar 'yarmu ta sami gurbin karatu a Jami'ar Bayero ta Kano. Maƙwabta suka yi ta zuwa yi mana barka, amma da dare ya yi sai gidanmu ya yi tsit. Mu dai so muka yi ta tsaya a Birnin Kudu, inda akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, inda za mu iya kai mata tsaba da safe mu dawo gida kafin la'asar. Kano kuwa tsoro take ba mu. Maigida ya taɓa yin cin rani a can sa'ad da yake saurayi, tun Jigawa tana cikin Jihar Kano, wato kafin 1991. Uwargida ta je sau biyu, amma duka dubiya ce ta kai ta asibiti, ba ta ga kome ba sai gadaje da majinyata. Sauran abin da muka sani duk jita-jita ce: ɓarayi, da 'yan daba, da motoci masu gudu, da mayaudara masu lalata 'ya'yan mutane.

Mako uku muna jan maganar, ba mu ce i ba, ba mu ce a'a ba. Yarinyar ba ta yi mana gardama ba, gama ba halinta ba ne. Amma mun lura ta rage cin abinci, ta kuma daina waƙa in tana daka. Sai wata rana Kakarsu, mahaifiyar maigida, ta kira mu ɗakinta ta ce, "Kuna tsoron abin da ba ku gani ba. Ku ɗauki yarinyar ku je ku ga garin da idonku. Gani ya kori ji. In kun dawo sai ku yanke magana."

Shirin tafiya

Tafiyar ba ta zo mana da sauƙi ba. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Dole muka sayar da bunsuru ɗaya. Muka ƙididdige kuɗin zuwa da na dawowa, muka ware kaɗan domin yawo cikin gari. Ba mu ware ko kwabo domin abinci ba, gama a wurinmu magidanci ba ya ɗaukar iyalinsa ya kai su cin abinci a bainar jama'a. Uwargida ta yi dambu da zogale, ta dafa ƙwai, ta zuba ƙuli-ƙuli, ta sa duka cikin babbar langa ta ɗaure da ɗankwali.

Akwai wata damuwa kuma da muka bari a baya. Farkon Agusta ne, watan da ruwa ya fi yawa a ƙasarmu, amma kwana 12 ke nan ko ɗigo bai sauka a Maruta ba. Mun gama maimai, gero ya yi ciki yana shirin fid da kai, ga shi da rana ganyensa yana naɗewa. Kowane manomi ya san abin da wannan yake nufi.

Ran Asabar da asuba muka tashi mu huɗu, mu biyu da yarinyar da Auta, ɗan shekara 7, wanda aka yi wa alkawarin zai ga zaki a gidan namun daji na Audu Baƙo. Sauran biyun suka tsaya wurin Kaka saboda awaki. Muka bi ta Birnin Kudu, da Kwanar Huguma, muka haye gadar Wudil, inda kogi ya cika da jan ruwa, masunta suna ta kai da kawowa cikin kwalekwale. Da muka wuce Mariri, inda ake cinikin goro, sai gari ya haɗiye mu. Maigida, wanda ya yi ta cika baki a mota cewa ya san Kano kamar tafin hannunsa, ya yi shiru. Gadojin sama sun tsaya inda ya san fili. Acaɓar da ya saba hawa babu ita, gama tun 2013 aka hana ta ɗaukar fasinja a cikin birni. Sai 'yan Adaidaita Sahu masu ruwan ɗorawa, kamar tururuwa.

A Ƙofar Mata

Muka fara da marinar Ƙofar Mata, inda aka rubuta a bakin shiga cewa an kafa ta a 1498. Ramuka ne masu zurfi a jere a ƙasa, kowanne da bakinsa kamar na rijiya. Wani dattijo da hannuwansa suka rine har gwiwar hannu ya karɓe mu. Ya nuna mana yadda ake haɗa baba da toka da katsi cikin ruwa, a bar su makonni har su nuna. Ya tsoma farin yadi ya ɗago. Da farko launinsa kore-kore ne, amma muna tsaye iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ya ce sai an yi ta tsomawa ana ɗagowa, gama iska ce take kama launin. Ya nuna mana ramuka da yawa da suka mutu, ƙasa da shara sun cike su. Ya ce yadin waje mai araha ya karya kasuwar, samari kuma sun koma wasu sana'o'i.

Yana cikin magana sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso da ƙura da ledoji. Marina suka zabura, kowa ya jawo murfi ya kife a bakin raminsa, domin in ruwan sama ya shiga zai tsinka rinin, aikin makonni ya lalace. Kafin mu ankara ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Dattijon ya kora mu cikin rumfar mabuga, inda ake dukan rinannen yadi da manyan gungumen itace har ya yi ƙyalli. Suka matsa suka ba mu wuri a kan tabarma. Ba wanda ya tambaye mu ko mu su wane ne kafin ya ba mu wurin zama.

A nan ne maigida ya yi subul da baka. Ya dubi ruwan, ya tuna da bunsurunsa, ya ce, "Kai, wannan ruwa ya ɓata mana tafiya!" Uwargida ta dube shi, ba ta ce kome ba. Dattijon ya tambaya daga ina muke. Da ya ji mu manoma ne daga Jigawa sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai mu ya kamata mu yi ƙorafi. Wannan ruwan naku ne."

Lambatu

Bayan kamar awa ɗaya ruwan ya ɗan tsagaita, muka ce bari mu kama hanya. Da muka fito ba mu ga titi ba. Ruwa mai launin koko ya shafe kome, yana gudu, ya kai mu ƙauri. Mu mutanen ƙauye mun saba in mota tana zuwa a raɓe gefe, don haka muka bi gefen hanya a jere, Auta a gaba, uwargida da langa a ka.

Sai muka ji wani ya daka tsawa, "Kai! Lambatu!" Kafin mu gane abin da ake nufi, ƙafar Auta ɗaya ta riga ta zurma. Yayarsa ta yi wuf ta cafke wuyan rigarsa ta fizgo shi baya, suka faɗi tare cikin ruwa. Uwargida ta saki langa ta rungumo su. Langar ta kife, muna kallo dambunmu da ƙwanmu suka bi ruwa, ita ma ta bi bayansu, da takalmin Auta na ƙafar hagu. Ashe babban magudanar ruwa ne a buɗe, zurfinsa ya fi tsayin yaron, ruwa ya cika shi ya yi daidai da titi.

Wanda ya yi tsawar wani ɗan dako ne, da buhu a kansa maimakon laima. Ya zo ya ce wa maigida, "Baba, ku baƙi ne ko? In ruwa ya rufe hanya a garin nan kada ku bi gefe. Ku bi bayan ɗan gari, inda ya sa ƙafa ku sa." Ya shige gaba muka bi sawunsa har bakin babban titi, ya tsayar mana da Adaidaita Sahu. Maigida ya miƙa masa ɗan abin goro, ya ƙi karɓa, ya ce a saya wa yaro takalmi.

Tun daga ranar muka gane dalilin da ya sa ruwan da yake albarka a gona yakan zama masifa a birni. A Maruta in an yi ruwa ƙasa takan shanye. A Kano rufin kwano da siminti da kwalta sun rufe ƙasa, ruwa ba shi da wurin shiga sai ya bi titi. A da cikin birni akwai kududdufai da yawa, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, su ne suke karɓar ruwan damina. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Magudanun da suka rage kuma ledoji da shara sun toshe su. A watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata yadi mai yawan gaske. Mun ji labarin a rediyo a lokacin, amma sai da muka ga langarmu tana tafiya muka fahimce shi.

Gidan Makama

Ruwan ya sāke dawowa da ƙarfi, saboda haka muka ce a kai mu Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da fadar Sarki. Muka shiga jiƙe sharkaf, Auta yana ɗingishi da takalmi ɗaya. Ginin ƙasa ne, irin namu na gida, sai dai bangonsa ya fi namu kauri nesa, rufinsa na azara, da bakan gizo a sama. Ana danganta gidan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi. A waje indararo suna ta kwarara, a ciki kuwa ɗumi da bushewa. Maigida ya daɗe yana shafa bangon, yana cewa magina na da sun san damina.

Da rana ce ake yi, da minti 20 za mu yi mu fita, domin mu cika sauran wuraren da muka lissafta. Da yake ruwa ya tsare mu, sai da muka yi awa 2. Muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, waɗanda ake rufewa da dare a zamanin da. Muka ji cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Muka ga hotunan zuwan Turawa, waɗanda suka ci birnin a watan Fabrairu na 1903, sa'ad da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Muka ga kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da kayan ɗakin amarya na da. Da muka iso wurin kayan noma Auta ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ga garmarka an ajiye a nan!" Mutane suka yi dariya. Mu ma muka yi, amma abin ya shiga ranmu, gama ba mu taɓa zaton birni yana daraja abin da muke riƙewa kullum ba.

Wani abu kuma ya faru a gidan nan wanda mu biyu muka lura da shi, kowa a ransa. Bayanan da aka manna da Turanci 'yarmu ce take karanta mana, tana juya su da Hausa. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma yi fahariya ba. Can sai muka ga wasu mata biyu da yaransu, su ma ruwa ne ya koro su, sun biyo bayanmu daga ɗaki zuwa ɗaki suna saurarenta. Ɗayarsu ta tambaye ta, "'Yan mata, a nan kike aiki?" A gida mun san ta da tsintsiya da turmi da tulu. Ba mu taɓa ganinta a tsakiyar baƙi ba sai ran nan.

Neman abinci

Wajen ƙarfe 2 yunwa ta kama mu, Auta ya fara kuka. Ba guzuri, ba dangi kusa. Maigida ya ce wa mai Adaidaita Sahu ya kai mu inda ake cin abinci. Ya fitar da mu ta Ƙofar Nassarawa ya ajiye mu a gaban wani gida mai ƙofar gilashi. Muka shiga, sanyin na'ura ya buge jiƙaƙƙun tufafinmu har haƙoranmu suna kaɗawa. Wani saurayi mai farar riga ya kawo mana takardar abinci. Maigida ya duba, ya ga kuɗin faranti ɗaya ya kai kuɗin motar mutum ɗaya zuwa Birnin Kudu.

Ku iyaye maza kun san irin wannan kunya. Ga iyalinka suna dubanka, ga saurayi tsaye da alƙalami, ga mutane a sauran tebura. Maigida ya riga ya sa hannu a aljihu, yana niyyar ya taɓa kuɗin komawa, in ya so a san yadda za a yi daga baya. Sai 'yarmu ta sunkuyo ta ce masa a hankali, "Baba, kuɗin mota ne. Mu tashi, ba abin kunya ba ne." Ta juya ta ce wa saurayin, "Yi haƙuri, Malam, mun fasa." Ya ce ba kome, har ya riƙe mana ƙofa.

A bakin ƙofa akwai wani tsoho mai gadi, ya takure cikin rigar ruwa. Yarinyar ta je ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, don Allah ku a ina kuke cin abinci?" Tsohon ya yi murmushi, ya nuna mana wani lungu a bayan ginin.

Rumfar Hajiya

Rumfa ce ta kwano, ruwa yana dukan rufinta har sai ka ɗaga murya. Manyan tukwane uku suna kan murhu. A kan bencina ga leburori, ga direbobi, ga 'yan makaranta, ga ma'aikatan ofis sun naɗe ƙafar wando sun ajiye takalma a gefe. Mai abincin, wadda kowa yake kira Hajiya, tana ganin Auta yana rawar sanyi ta ce, "Kawo shi nan, 'yar'uwa." Ta tuɓe masa jiƙaƙƙiyar riga ta shanya kusa da wuta, ta lulluɓe shi da tsohon zanenta, ta zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugunno a bakin murhu.

Benci ɗaya ne kaɗai ya rage. A gida maigida da yara maza suna ci a zaure, uwargida da 'yan mata a tsakar gida. Shekara 21 da aurenmu ba mu taɓa sa hannu cikin kwano ɗaya a gaban mutane ba. Uwargida ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Amma yunwa ba ta san kunya ba. Muka zauna a jere, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe mai kabewa da alayyafo, da shinkafa da wake da mai da yaji, wanda Kanawa suke kira garau-garau. Muka sunkuyar da kai muka yi godiya kamar yadda muka saba a gida. Ba wanda ya kula da mu, kowa yana fama da nasa kwanon.

Wani yaro ya shigo da tiren gurasa, muka sayi bandashe guda biyu. Gurasa ce aka tsoma a ruwan ɗumi, aka barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. Uwargida ta ɗanɗana ta ce, "Ashe ƙulin da nake yi ne mutanen birni suke yi wa wannan ado." Duk abin da muka ci mu huɗu, har da shayi mai zafi, bai kai kuɗin faranti ɗaya na gidan gilashi ba.

Da ciniki ya lafa Hajiya ta zo ta zauna kusa da uwargida. Hira ta kai ga dalilin zuwanmu. Ta ce ita ma daga ƙauye ta zo, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da tukwanen nan ta yi musu makaranta. Uwargida ta tambaye ta abin da ya hana mu barci mako uku, ta ce, "Hajiya, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Birnin nan ba ya cin 'ya mace?"

Hajiya ta ce, "Yana ci, 'yar'uwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga waɗanda ya ci. Amma na ga waɗanda suka lalace a ƙofar gidan ubansu ma. Shekaru ina ciyar da 'yan makaranta, abin da na gani shi ne yunwa ce take fara kai yarinya inda bai kamata ba, sa'an nan kaɗaici. Kada ku bar ta da yunwa. Ku aiko mata da tsaba a kan kari. Ku nema mata gidan mutanen kirki inda za ta je ran hutu, a san fuskarta, a tambaye ta in ba a gan ta ba. Sauran kuma yana ga tarbiyyar da kuka riga kuka yi. Wa ya nuna muku rumfar nan?" Muka gaya mata. Ta dubi yarinyar ta ce, "Wadda ta san ta tambayi mai gadi ba za ta ɓata a Kano ba."

Muna nan zaune sai wayar maigida ta yi ƙara. Maƙwabcinmu ne, Kaka ta sa shi ya kira. Ya ce tun da hantsi ake ruwa a Maruta, ruwa har ya kwanta a kwarin kunya, bai ɗauke ba sai da azahar. Hadarin damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, garinmu kuwa yana kudu maso gabas da Kano. Wato ruwan da maigida ya yi wa tsaki a Ƙofar Mata sai da ya shayar da geronsa tukuna kafin ya iso inda muke. Uwargida ta dube shi irin duban da ta yi masa da safe. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na tuba." Mutanen rumfa suka tambayi abin da ya faru, da suka ji suka yi ta yi mana barka, gama yawancinsu suna da gona a wani ƙauye.

A kan Dala

Da la'asar ruwa ya ɗauke. Lokaci ya ƙure, gidan namun daji ya gagara, kasuwar Kurmi ma sai wucewa muka yi ta gefenta. Auta ya yi kuka, muka saya masa silifa na roba, muka sabunta alkawari. Wuri ɗaya kaɗai za mu iya ƙarawa, muka zaɓi Dutsen Dala, inda aka ce Kano ta fara, inda maƙera suka zauna suna narka tama fiye da shekara 1,000 da suka wuce, inda kuma Barbushe ya yi zamaninsa. Matakalar tana da santsi, muka hau a hankali muna riƙe da juna.

Daga sama muka ga birnin da ake yi wa kirari da tumbin giwa, ruwa ya wanke shi. Rufin kwano har iyakar gani, hasumiyoyin babban masallaci, Goron Dutse can gefe, guntayen ganuwa da damina take ci kowace shekara, hayaƙin girkin yamma yana tashi daga dubban gidaje. Yarinyar ta nuna mana wajen Kabuga ta ce can jami'ar take, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ba mu ga ko ƙofarta ba ran nan. Ta ja Auta gefe tana nuna masa jirgin sama yana sauka. Mu biyu muka tsaya. Uwargida ta ce, "Maigida, wa ya fizgo Auta?" Ya ce, "Ita." Ta ce, "Wa ya hana ka taɓa kuɗin mota?" Ya ce, "Ita." Ba mu ƙara wata magana ba.

A tasha, kafin mota ta cika, maigida ya ɓace na ɗan lokaci. Ya dawo da baƙar laima sabuwa, da ragowar kuɗin da ba mu kashe a gidan gilashi ba. Ya miƙa wa yarinyar ya ce, "Ungo. Garin nan ba a zuwa aji ba laima." Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa a nan cikin taɓon tasha, hawaye suna zuba. Muka iso Maruta da dare, kwaɗi suna ta kuka, gari yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kashegari bayan sujada muka zaga gona, muka tarar gero ya buɗe ganyensa.

Ga iyaye 'yan'uwanmu

In ɗanku ko 'yarku za su tafi birni karatu ko aiki, kada ku yanke magana a kan jita-jita. Ku je tare da su ko da yini ɗaya ne, ku bar su su shige gaba, su yi tambaya, su yi ciniki, ku kuwa ku zuba ido. In da damina ne ku tafi da laima da takalmin roba, ku riƙe hannun ƙananan yara, kada ku bi gefen titi in ruwa ya rufe shi. Ku ware kuɗin komawa a aljihu dabam. In yunwa ta kama ku, ku tambayi mai gadi ko ɗan dako inda yake ci. Kada kuma kunya ta sa ku sayi abin da ya fi ƙarfinku.

Mun bi shawarar Hajiya. Mun sami wani gida na mutanen wajenmu da suke zaune a Kano, can 'yarmu take zuwa ran hutu. Duk wata muna aika mata da gero da wake da man gyaɗa ta hannun direban da muka sani. Bashin Auta ma mun biya, ya ga zakinsa da rani, ranar da muka kai wa Yayarsa tsaba.

Ba za mu ce tsoro ya fita daga ranmu duka ba. Uwa ba ta daina tunanin 'yarta. Har yanzu in hadari ya haɗu a gabashin Maruta, uwargida takan kwashe shanya, ta shigar da awaki, sa'an nan ta ɗauki waya ta ce, "Ga shi nan tafe wajenku. Ki ɗauki laima, ki kuma kula da lambatu."